Shanu Ɗari Biyar na Baffa

Duk wanda ya taɓa zama da ni a majalisa a unguwar Takur ta Dutse ya san ba na ba da labari lami. Idan na ce kura ta biyo ni, maiɗakina takan ce a je a duba, ƙila akuyar maƙwabta ce ta tsinke. Na yarda, haka Allah ya yi ni, kuma mutane sun fi son miyar da ta ji gishiri. Amma wannan labarin sai dai in rage masa, domin ƙarin gishirin ne ya ɓata shi tun farko.

A shekarun da aka ƙaddamar da Shari'a, ni da wani abokina muna aiki a ofishi ɗaya a sakatariya. Dutse a lokacin babban birnin jiha ce da ba ta gama yarda ta zama birni ba. Ranar Juma'a da yamma ma'aikata kan tsere Kano gaba ɗaya, har tunkiya tana iya kwanciya a tsakiyar kwalta ta yi barcinta, ba mai tashinta sai Litinin. Abokin nan nawa Bafillatani ne daga wata ruga a ƙasar Buji, siriri, idan ya tsaya a jikin bango sai ka ɗauka sanda aka jingine. Yana kirana Kaɗo, ni kuma ina kiransa Ardo, ko da yake ko kaza ba ta bin bayansa. Shekara shida muna cin abinci a kwano ɗaya muna zagin juna, kuma ban taɓa samun zama mai daɗi kamar wannan ba.

Sai aka tura shi Kano kwas na kwamfuta na wata uku. Ya dawo kamar wanda iska ta taɓa.

"Kaɗo," ya ce, "akwai wata kasuwa da ba ta tashi. Ba rana, ba ruwa, ba ɗan kamasho. Mutum yana zaune a Dutse ya sayar wa na Legas kaya."

Na ce, "Ardo, ka dai sha furar da ta kwana."

Amma ya riƙe maganar intanet ɗin nan kamar yadda kaska ke riƙe kunnen saniya. Abin da ya rage jari, kuma jarinsa ɗaya ne a duniya. Ranar sunansa mahaifinsa ya ba shi karsana, kamar yadda suke yi, ta haihu, 'ya'yanta suka haihu, har suka kai tara a cikin garken gidansu. Su ya ce zai fitar ya sayar. Ya roƙe ni in raka shi, kuma sai da muka isa na gane dalili.

Abokina ɗan fari ne. Baffa, mahaifinsa, bai taɓa kiran sunansa ba, bai kuma taɓa kallonsa ido da ido ya yi masa magana ba. Kunya ce irin tasu, ba ƙiyayya ba. Idan yana da magana da shi, sai ya nemi wani ya gaya wa, ko da kuwa ɗan yana zaune a gefen tabarma. A ranar ni ne wanin. Dattijo ne fari, mai ƙaramin gemu, maganarsa a hankali kamar mai tsoron kada ta zube. Ya saurare ni ina zuba bayanin akwatin da ke magana da duniya, bai katse ni ba. Da na gama ya ce, "Ɗana, tambayi abokin tafiyarka. Abin da zai saya ɗin, yana haihuwa?"

Abokina yana tonon ƙasa da tsinke ya ce, "Gaya masa yana haihuwa. Kafin damina biyu zan mayar da su turke, har da ƙari."

Baffa ya ce, "To, na ji." Ya tashi da kansa ya ware su, yana kiran kowacce da sunanta.

Abin da abokina yake nema ke nan, ba kuɗi ba. Tun da aka ɗauke shi daga bayan shanu aka kai shi boko, a ruga ana kallonsa kamar ƙwaryar da ta faɗa kogi. Yana son ranar da zai koro shanu ya shigar da su garken mahaifinsa, dattijon ya juya ya ce wa wani, gaya wa wancan ya kyauta.

Muka kama shago kusa da tasha. Shanu tara suka koma kwamfuta biyu na hannu, da janareto, da layin tarho, da wata kyamara mai nauyin bulo wadda ake zura mata faifan fulofi ta gefe. Ni na kawo benci da baki. Idan aka kira layin da ke haɗa mu da duniya, na'urar takan yi wani kuka kamar ana yanka zakara a cikin gwangwani. Idan ka buɗe shafi mai hoto, kana iya zuwa ka yi alwala, ka yi la'asar, ka gaisa da liman, ka dawo ka tarar da kan mutumin ya fito amma wuyansa yana hanya. Ga shi lokacin gari ya ɗauki zafi, ana raɗe-raɗin akwatin yana nuna tsiraici, don haka muka cire labule muka juya fuskar kwamfutocin waje, kowa ya gani. Rana ta riƙa dukansu har ba a ganin komai, mu ma ba ma gani.

Da farko mun ce za mu riƙa aika wa mutane wasiƙa ta imel. Mutane sun zo, ba laifi, sai dai waɗanda za a aika wa ba su da inda za su karɓa. Wata tsohuwa ta ce a aika wa ɗanta a Jidda. Na tambayi adireshi, ta ce kusa da masallaci yake, dogo ne, kowa ya san shi. Daga nan muka koma sa farashin gero da dawa da riɗi na kasuwannin Shuwarin da Sara a shafinmu duk mako. Wannan ma ya mutu a tsaye, domin duk mai buƙatar sanin farashi ya riga ya ji a bakin direba, kuma kafin shafin ya gama buɗewa mudu ya tashi ya sauka sau biyu. Damina ɗaya ta wuce.

Sai abokina ya ce mu koma ga abin da ya sani. Mu kafa kara, wato kasuwar shanu, a intanet. A ɗauki hoton saniya a sa, mahaucin kudu ya gani ya zaɓa, mu kuma mu ci la'ada kamar kowane dillali. A takarda abin ya yi kyau ƙwarai. Muka ɗauki kyamara muka shiga kara ranar kasuwa, dillalai suka kore mu kamar mun zo da annoba. Muka bi rugage, nan ma ba wanda ya bari. Ni a lokacin ban gane ba, sai da ya yi mini bayani a kan babur. Bafillatani ba ya ƙirga shanunsa. Ya san kowacce da kamarta da uwarta da kakarta, idan ɗaya ta ɓace da kallo ɗaya zai gane, amma ba zai ce guda kaza ba ne, ba kuma zai so wani ya faɗa ba. Akwai tsoron baki, akwai tsohon tabon jangali, akwai kuma abin da ya fi su, wato dai ba a yi. Ka tambaye shi shanunka nawa, daidai yake da ka ce ya tuɓe riga a kasuwa.

Duk da haka, garken Baffa muka je. Mun zaɓi ranar da ya tafi gaisuwar mutuwa. Ni ina ɗauka, abokina yana bi a baya yana rubutawa, domin shafin yana da gurbin da ake sa adadi. Na ga leɓensa yana motsi. Arba'in da bakwai. Bai faɗa da ƙarfi ba, nuna mini takardar ya yi. Muna kan na ƙarshe sai ga Baffa ya dawo da wuri, har kafaɗarsa da sandarsa suka shigo gefen hoton. Ya dubi abin da ke hannuna ya ce, "Wannan fa?"

Na ce, "Baffa, tocila ce ta likitoci, tana ganin tsutsar ciki tun daga waje."

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya sa aka kawo mana kindirmo.

Ba a jima ba aka yi shelar babban taro kan kwamfuta da intanet a Dutse, kwana biyu. A lokacin manya sun kamu da zazzaɓin abin, ko rijiya za a buɗe sai an ambaci intanet. Aka zo da baƙi daga Legas da Abuja, da wani Bature da zafinmu ya mayar kalar manja. Maza a dama, mata a hagu, an raba jaka da biro. Na rantse an yi jawabin da ya isa a shimfiɗa shi daga nan zuwa Haɗeja. Kowa ya hau sai ya ce nan da shekara kaɗan manomi zai riƙa sayar da gero daga kan gadonsa. Sau huɗu ana ɗauke wuta, kowane mai jawabi ya ci gaba a cikin duhu, ba wanda ya lura da bambanci.

Mu aka ba mu minti goma a rana ta biyu, bayan cin abinci. Abokina ba zai iya tsayawa gaban jama'a ya yabi kansa ba, don haka shi ya zauna wajen kwamfuta, ni na riƙe lasifika. Aka haska hoton a bango. Fararen shanun Baffa suka fito kowacce kamar giwa, ɗakin ya yi tsit, har na ji daɗi ya kama ni. Na yi bayani, na ba da dariya, abin yana tafiya.

Sai wani matashi daga cikin baƙin Legas, mai ɗamarar wuya, ya ɗaga hannu. Cikin Turanci ya tambaya, kuma tambayar gaskiya ce. Ya ce ya ga hoto, amma wa zai biya, kuma ta yaya kuɗin zai taso daga can ya iso nan? Na shiga kewaye-kewaye. Kafin in dawo kan maganar, wani malami a sahun gaba ya gyara rawani ya ce, "Malam, a Shari'a dai ba a sayar da abin da mai saye bai san aibinsa ba. Wa zai duba haƙori? Wa zai kora ta ya ga ko tana ɗingishi? Ai wannan cinikin biri a sama ne." Aka bushe da dariya, kuma wannan karon ba ni na ba da ita ba. Wanda bai saba riƙe majalisa ba ba zai san zafin wannan ba. Ɗan Legas ya ƙara da cewa, to, yanzu haka shanu nawa ne a hannunku?

Ina iya cewa arba'in da bakwai, kuma ko wannan bai kamata ya fito ba. Ina iya cewa ba a faɗa. Amma na dubi fuskokin nan suna jira in faɗi ƙasa, sai bakina ya riga ni.

"Ranka ya daɗe, wannan da kuke gani ɗanɗano ne. Garken mahaifin abokina kaɗai, ga shi nan zaune, a ƙasar Buji, bakin fadama, shanu ɗari biyar ne. Ban sa maruƙa ba, don kada lissafi ya wahalar da ku."

Aka yi tafi. Baturen ma ya tafa da aka fassara masa. Na waiwaya in ga ko abokina ya ji yadda na ceto mu, na tarar ya sunkuyar da kai yana kallon yatsunsa. A kan teburin da ke gabana akwai 'yar rikoda ta wakilin gidan rediyo, jan idonta a kunne. Na gan ta sarai, har na ɗan matsa kusa da ita don muryata ta fita da kyau.

Mun samu takardar yabo. Ɗan Legas ya ba mu katinsa, lambar ba ta taɓa shiga ba. A ƙasan shafinmu akwai wani ɗan akwati mai nuna yawan waɗanda suka leƙo, kuma duk wanda ya nuna mu ne, daga kwamfuta ta ɗaya ko ta biyu. Duniyar da muka yi wa shela ba ta ji ba. Amma rediyo ta sa muryata a labarai, ta maimaita a shirin manoma da makiyaya, kuma ba makiyayin da ke fita ba da rediyo rataye a kafaɗa ba.

Abin ya fara da wasa. A kara aka riƙa gaida Baffa da "mai ɗari biyar". Sai dangi na nesa suka fara zuwa, wannan zai aurar, wancan zai biya diyyar gona. Sai masu karɓar haraji. Sai manoman da shanunsa ba su taɓa bi ta gefen gonarsu ba suka tuna an yi musu ɓarna bara. Idan ya ce ba shi da su, sai a ce ai da ma Bafillatani ba ya faɗa, ga shi ɗansa ɗan boko ya tona. Ba shi da hanyar ƙaryata ni sai ya ƙirga su a gaban mutane, shi kuwa ba zai yi ba.

Ranar wata kasuwa, da rana tsaka, maza duk sun tafi, wasu mutane shida suka iso rugar da bindigogi. Su sun ƙirga. Da suka ga lissafi bai kai ba suka ɗaure dattijon a jikin turke, suna tambayarsa inda ya ɓoye sauran. Sun daɗe suna tambaya. Suka karya masa hannu da haƙarƙari biyu, suka kore manyan garken, suka bar masa tsofaffi da maruƙan da ke kukan iyayensu.

Washegari muka je. Mun same shi a gindin kirya, maɗori ya ɗaure hannun da karan dawa. Na durƙusa na ce, "Baffa, ni ne. Muryata ce. Shi bai ce komai ba."

Ya tambaye ni iyali, ya tambayi hanya, ya tambayi aiki. Sannan ya ce, "Kai Kaɗo ne, ɗana, bakinka ne gonarka. Ka faɗi abin da ba ka sani ba, iska ce. Amma ranar da kuka zo da tocilar likitoci, ba kai na gani da takarda ba."

Abokina yana tsugune bayana. Na ji numfashinsa.

Baffa ya ɗan gyara hannun, ya runtse ido don zafi, ya ce, "Tambayi abokin tafiyarka. Abin ya haihu?"

Ban juya na tambaya ba. Maganar ƙarshe ke nan da ta shiga tsakaninsu, kuma ta kaina ta bi.

Bayan kaka muka koma da magani da buhun masara. Ba kowa. Turaku ne a tsaye, da toka, da bukkoki an kwashe musu zana, mai gonar da suka zauna a cikinta har ya fara baza takin da suka bari. Maƙwabta suka ce sun yi kudu. Ina a kudu, ba wanda ya sani, ko kuma an ce kada a faɗa. Abokina ya yi shekara biyu duk hutun da ya samu yana bin kasuwannin shanu har bayan Bauchi, yana tambaya.

Abin takaicin shi ne shagon ya bunƙasa daga baya, kuma ba ta inda muka zata ba. Wata rana wani maniyyaci ya shigo yana neman inda ake hoton fasfo, na jingina shi da bango na ɗauka da kyamarar shanu. Kafin wata ya ƙare layi ya kai bakin tasha: masu aikin hajji, masu neman makaranta, masu takardar ɗaukar aiki. Muka yanke layin tarho, muka sayi farin ƙyalle. Duk abin da ya samu a rabonsa, abokina karsana yake saya, ɗaya bayan ɗaya, yana kai wa wani manomi a Kafin Hausa kiwo. Sun kai goma sha ɗaya, tara da ƙarin da ya yi alkawari. Duk Asabar yakan je ya tsaya ya kalle su.

A shekara ta uku wani direban tirela mai ɗaukar shanu ya kawo labari. Baffa ya rasu tun da bazara, a wani daji da direban ma bai riƙe sunansa daidai ba, ƙirjin bai taɓa warkewa ba. Abokina ya karɓi gaisuwa kwana uku a Takur, a ƙofar gidan haya. Bayan haka ya aika aka raba shanun ga ƙannensa mata, ya kawo mini makullinsa na shago ya ajiye a kan benci. Na ce, "Ardo, rabonka fa?"

Ya ce, "Riƙe, Malam."

Tun daga ranar Malam nake. Bai taɓa yi mini gori ba, ko sau ɗaya. Muna haɗuwa a masallacin Juma'a, ya ba ni hannu biyu, ya tambayi iyali. Da zai zage ni ya ce Kaɗo mai bakin ganga, da na yanka rago.

Hoton ƙarshen nan na wanke shi tun kafin faifan ya lalace, yana cikin durowa a shago. Shanu ne fari fat, a gefe kuma kafaɗa da sanda. Shi kaɗai ne hoton Baffa a duniya. Na taɓa kai masa a cikin ambulan, ya buɗe, ya rufe shanun da tafin hannunsa, ya daɗe yana kallon gefen, sannan ya mayar mini ya ce ya gode.

Bara wasu matasa masu sayar da raguna ta waya suka gayyace ni taronsu, wai ni ne kakansu a sana'ar. Suka ba ni kujerar gaba da ruwan gora. Ɗayansu ya tambaye ni shanu nawa muka sayar a zamaninmu. Na ce ko ɗaya, amma mun kashe garke guda da mai shi. Suka kwashe da dariya har da buga tebur, wani yana cewa Baba ba ya rabo da barkwanci. Na bari suka gama.